Shekarar da Muka Yi wa Kwamfuta Ƙugiya

Yayana ne ya kawo ta gidanmu, a cikin kwalin takalmi. Yana aiki a gidan gurzar auduga a Funtuwa, aka tura shi kwas na wata shida a Ingila, ya dawo da kwat biyu, da tari, da wannan abu. Lokacin ba a ma yanke mana jiha ba, muna ƙarƙashin Kaduna. Ni ina koyar da aji biyar a wata firamare a Malumfashi. Maigidana malamin gona ne, kullum yana bisa babur tsakanin ƙauyuka yana yi wa manoma bayanin taki da feshi.

Yaya ya ajiye kwalin a kan tabarma ya ce, "Kwamfuta ce. Wata uku ina fama da ita, ba ta taɓa gaya mini komai ba sai abin da na gaya mata. Ke ce mai kan lissafi a gidanmu, ki gwada sa'arki."

Na buɗe. Baƙa ce, ba ta kai faifai faɗi ba, madannanta na roba ne masu laushi kamar abin goge fensir. Ba ta da fuska tata, sai an haɗa ta da talabijin. Ba ta kuma riƙe komai: da an ɗauke wuta, duk abin da aka rubuta mata ya tafi, sai fa in an riga an juye shi a kaset, irin kaset ɗin da ake sauraron waƙa da wa'azi. Akwai littafin bayani da Turanci, da wata mujalla da ta sha naɗi a aljihun jaka.

Maigidana ya leƙo ya ce, "To, za ta iya gaya mana ranar da ruwa zai sauka?"

Yaya ya ce, "Wannan? Ko sunanta ba ta sani ba."

Suka yi dariya suka fita masallaci. Ni kuwa na zauna ina juya ta a hannu, ina jin irin abin da na ji ranar da aka fara ba ni alƙalami mai tawada.

Tsakanin azahar da la'asar nake samun sarari, bayan na dawo daga makaranta na sauke tukunya. In akwai wuta, sai in haɗa ta da talabijin ɗinmu mai fari da baƙi, in buɗe littafin a cinya, ƙamus a gefe. Ana ba ta umarni ne layi-layi, kowane layi da lambarsa, ita kuma ta bi su ɗaya bayan ɗaya ba ta tsallake ko ɗaya. Ranar da na sa ta ƙirga daga ɗaya zuwa goma, sai da na tashi na zaga tsakar gida na dawo. Washegari na ce ta ƙirga ba tare da na gaya mata inda za ta tsaya ba. Ta kama ƙirga, ta wuce dubu, ta wuce dubu biyu, na danna nan na danna can ta ƙi saurarata, ƙarshe na fizge waya daga bango kamar na yi ɓarna a gidan mutane.

A wannan shekarar ina da ajin yaƙi da jahilci na matan unguwa, Talata da Alhamis bayan la'asar, a ƙarƙashin rumfar gidanmu. Mu goma sha biyu ne har da ni. Allona ƙarami ne, in na rubuta kalma huɗu sai na goge, kafin in juyo kuma hira ta ɓarke. Sai na yi tunanin in sa talabijin ta riƙa nuna kalma da manyan baƙaƙe, ta jira, in an karanta in danna ta kawo ta gaba. Mako guda na yi ina harhaɗa umarnin. Da ya yi aiki, na juye shi a kaset, na rubuta "Aji" a jiki, na ajiye a cikin kwalla tare da takardun haihuwar yara.

Kashegari na sa kaset ɗin don ya koma cikin kwamfutar, ya ƙi. Rikoda ta yi ta wani irin kuka kamar gyare, fuskar talabijin ta yi zane-zane, sannan ta rubuta mini da Turanci cewa an samu kuskure. Na sake, haka. Na sake rubuta umarnin daga farko, na juye a sabon kaset, haka dai. Sau uku ina wannan aiki. A na ukun maigidana ya shigo ya same ni zaune a gabanta.

Ya ce, "Asabar zan shiga Funtuwa karɓo iri. Ki shirya, akwai wani mai gyaran rediyo kusa da tashar jirgi, in shi bai iya ba sai a haƙura."

Na naɗe kwamfutar da rikodar a zane, na rungume su a bayan babur. Auduga ta fashe a gonaki hagu da dama, amma ni hankalina yana kan ramukan hanya.

Mai gyaran kowa Injiniya yake ce masa. A Funtuwa aka haife shi, mahaifinsa ya zo daga ƙasar Yarbawa ya yi aikin jirgin ƙasa har ya tsufa. Hausa a bakinsa kamar tamu, har da karin magana. Shagonsa ɗan ƙarami ne, rediyoyi jere har rufi, warin dalma ya cika ko'ina. Ran Lahadi kaɗai yake rufewa, ya tafi coci. Na kwance zanen, ya duba, ya ɗaga, ya leƙa ƙasanta.

Ya ce, "Malama, ba zan yi miki ƙarya ba, ban taɓa ganin irinta ba. Amma ki gaya mini abin da take yi da abin da ta ƙi yi."

Na yi masa bayani. Bai taɓa kwamfutar ba. Rikodar ya jawo, ya sa kaset ɗin, ya ƙara murya, ya rufe ido yana sauraron kukan nan da ya ishe ni. Maƙwabcinsa tela ya leƙo ya tambaya ko wani abu ne ya maƙale a rediyo.

Injiniya ya buɗe ido ya ce, "Ni ban san abin da take cewa ba. Amma na san murya mai mura. Wannan rikodar taki ta toshe."

Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe mai sheƙi da zaren kaset ke gogawa in yana wucewa. Ya tsoma auduga a sifirit ya goge shi, audugar ta fito ja kamar an shafa ƙasa. Sannan ya ɗauko siririyar sukudireba ya zura a wata 'yar huda da ban taɓa lura da ita ba, ya riƙa juya wani mitsitsin noti kaɗan-kaɗan, kaset na tafiya. Ina ji kukan ya tashi daga dishi-dishi ya koma tsini, har yana sukar kunne.

Ya ce, "Yauwa. Gwada yanzu."

Muka haɗa da wata talabijin da aka kawo masa gyara. Karo na farko ta ƙi, ya rage murya kaɗan. Karo na biyu muka tsaya mu uku muna kallon zane-zanen, minti ɗaya, minti biyu, sai ga kalmar farko ta fito ɓaro-ɓaro: RANA. Maigidana ya ce, "Ikon Allah." Injiniya ya aika gida aka kawo masa jan farcen matarsa, ya ɗiga ɗigo ɗaya a daidai inda abin murɗa murya ya tsaya, ya ce kada in yarda kowa ya gusar da shi, ko da maigida ne zai ji labaran duniya. Da za mu tafi ya ce, "Malama, don Allah duk abin da ta sake yi, mai kyau ko marar kyau, ki zo ki ba ni labari. Shekara ashirin ina gyaran abin da ke magana, ban taɓa gyara mai jiran a yi masa magana ba."

Talatar da ta biyo baya na fito da talabijin bakin ƙofar ɗaki, na ɗora ta a kan turmi da aka kife, na jawo waya. Matan suka zo suka tarar. Har waɗanda suka daina zuwa tun kaka sun ji labari sun dawo.

A cikinsu akwai Gwaggo, ƙanwar mahaifin maigidana. Ta haura sittin a lokacin, gidanta na bayan namu. Sana'arta ɗinkin hula, dillalai daga Funtuwa har Zariya sun san hannunta. Ita ce babba a ajin kuma ita ce ba ta fashi. Karatunta a hankali yake, amma abin da ta kama ta kama ke nan.

Kalmomin farko suka wuce lafiya: rana, gero, masara, tulu. Sai jimla ta fito. Na ce, "Gwaggo, bismilla."

Ta matso, ta ƙanƙance ido, ta karanta da ƙarfi, baƙi bayan baƙi, daidai yadda yake a rubuce: "Ba-ki sun shi-ga da-ki."

Ta ɗago kai. Ta ce, "Bakin wa? Wa aka daka?"

Rumfar ta kwashe da dariya. Abin da na so a karanta shi ne baƙi sun shiga ɗaki. Amma kwamfutar ba ta da ƙa, ba ta da ɗa, ba ta da ɓa. Waɗanda suka ƙera ta ba su san da su ba. Na lura da haka tun ina rubutawa, na ce a raina ai za su gane. Ga shi kuwa wata biyu na yi ina bugun allo ina ce musu kafa daban ƙafa daban, fada daban faɗa daban.

Gwaggo ta juyo ta dube ni ta ce, "Malama, ba ke kika ce mana wanda ya bar ƙugiya ya bar rabin magana ba? To akwatin naki rabin magana yake yi."

In ta ce mini Malama, to da zolaya a ciki. Sauran lokuta "'yar nan" take cewa. Na ji kunya ƙwarai. Alhamis na gwada dabara, na sa ɗan waƙafi a saman kowane baƙi mai ƙugiya. Wata daga baya ta ce ita ta zaci kashin ƙuda ne a gilashi, har ta tashi za ta goge da gefen mayafi.

Na koma ga littafin. Can wajen ƙarshe, a babin da na tsallake saboda na ga zanen jirgin sama da dodanni na wasan yara, na tarar da abin da nake nema. Ashe kowane baƙi da ke fitowa a talabijin an gina shi ne a cikin wani fili mai gida takwas a tsaye, takwas a kwance. Wasu gidajen a cike, wasu a buɗe. Kuma an bar wa mai ita damar ya zana nasa, ya ba kwamfutar, ta riƙe. Su don a zana jirgi suka yi. Ni na ga ƙa.

Na ɗauko littafin lissafi mai gida-gida na 'yan ajina, na zana fili, na shiga cike gidaje da fensir. Abin ya fi yadda na zata wuya. Ƙa ta farko ta fito kamar karyayyar kujera. Ɗa ta yi kama da buta. Na ɓata shafi shida.

Ina cikin haka Gwaggo ta shigo aron rariya. Ta tsaya a kaina ta ce, "Wane zane kike cirewa?"

Na yi mata bayani, ina ganin ba za ta bi ni ba. Ta karɓi littafin, ta miƙa shi nesa da fuskarta, ta ce, "Takwas da takwas? Ai wannan ƙirgar zare ce. Tashi ki kawo mini gawayi da wake."

A kan daɓen tsakar gida ta zana filin da gawayi, babba, kowane gida ya kai tafin hannun jariri. Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta riƙa ajiye wake ɗaya-ɗaya. In ta jera, sai ta ce in je bakin ƙofa in tsaya in gaya mata abin da na gani, don a cewarta hula ba a hannu ake ganin kyanta ba, sai a kan mutum yana tahowa daga nesa.

Ta ce, "Kin ga laifinki, 'yar nan? Kin cika gida da kaya, ba ki bar wa ƙugiya wurin juyawa ba. Sauke hannuwan nan ƙasa da layi ɗaya."

Ta kwashe wake uku ta mayar ƙasa, ta ɗora biyu a sama suna lanƙwasa dama. Daga bakin ƙofa na ga ƙa, sak, kamar a littafin karatu. Ɗa ta fi ba mu wahala, domin sandarta a dama take, ƙugiyar kuma dama za ta, ga fili ya ƙare. Gwaggo ta daɗe tana kallo, sannan ta matsar da waken gaba ɗaya gida ɗaya zuwa hagu. Kaji suka zo suka cinye mana rabin ɓa, muka kore su muka sake. Rariyar da ta zo nema sai da magariba ta tuna da ita.

Saura a mayar da zanen lamba, don kwamfuta lamba take ji. Kowane gida a layi yana da nauyinsa: ɗaya, biyu, huɗu, takwas, ana ninkawa har ɗari da ashirin da takwas. Sai a tara nauyin gidajen da ke da wake, a samu lamba ɗaya. Layi takwas, lamba takwas, baƙi ɗaya ke nan. Wannan kam fagena ne. Na tara, na sake tarawa, na shigar, na kira Gwaggo ta zo ta ga aikinta.

Na danna. Abu ya fito, amma ba ɗa ba ce. Cikinta ya koma dama, sandar ta koma hagu, ƙugiyar tana kallon baya. Ƙa ma haka, ta ba mu ƙeya. Na duba lissafina, babu kuskure ko ɗaya. Na ce wataƙila injin ne ya lalace.

Gwaggo ta karkata kai ta ce, "Babu abin da ya lalace. Wannan ai bayan ɗinki ne. Ta ciki kike kallon hular, juya ta."

Na buɗe littafin na sake duban hoton da kyau. Ɗaya a gidan ƙarshe na dama take, ɗari da ashirin da takwas a hagu. Ni kuwa na fara daga hagu, yadda na saba koya wa yara ƙirga. Na sake tara lamba ashirin da huɗu, Gwaggo na zaune tana ɗinkinta. Da na danna a karo na biyu, ga su nan su uku a jere, ɓ, ɗ, ƙ, kowace da ƙugiyarta tana kallon inda ya kamata.

Ta ajiye allura, ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta ce, "Ƙugiyar ɗa ta yi tsawo da wake ɗaya." Gaskiyarta ne. Na rage.

A aji na gaba ita na fara ba wa. Ta karanta, "Baƙi sun shiga ɗaki," ta waiwaya ta ce wa sauran, "Ni na ɗinka masa wannan." Daga ranar in sabuwa ta zo, sai an nuna mata baƙaƙen Gwaggo tukuna kafin a fara.

Ba zan ce talabijin ce ta koya musu karatu ba. Allo da alli ne suka yi yawancin aikin, da hannun da nake kamawa ina bi da shi kan layi. Wata ma cewa ta yi hasken yana sa mata ciwon kai, ta koma zama a gefe. Sau da yawa kuma babu wuta, mu yi darasinmu yadda muka saba. Amma ajin ya cika, ya kuma zauna a cike.

Da bazara ta kama sai wata sabuwa ta ɓullo. Mu fara lafiya, bayan kamar rabin sa'a sai fuskar ta cika da ƙananan murabba'ai tana ƙyaftawa, madannai su mutu. Na zargi lambobina, na kwana uku ina bin su, ban sami komai ba. A mujallar da Yaya ya bari akwai shafin da masu irin wannan kwamfuta ke aika tambaya a amsa musu. Na zauna na tsara wasiƙa da Turancina na makarantar horon malamai, na kai gidan waya. Amsar ta zo, amma sai da masara ta yi goyo. A cikin ladabi suka shawarce ni kada in ajiye ta kusa da murhun ɗumama ɗaki. Maigidana ya daɗe bai yi dariya irin ta ranar ba.

Kafin nan mun riga mun koma wurin Injiniya. Wannan karon ya ce sai ya buɗe cikinta. Na ce, "In ta ƙi rufuwa fa?"

Ya ce, "Malama, da hannu aka rufe ta."

Ya kwance, ya kunna ta a buɗe, muka zauna jira. Da ta fara haukan, ya riƙa ɗora ɗan yatsa a kan kayan cikin ɗaya bayan ɗaya. A kan wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku ya fizge hannu ya sa a baki.

Ya ce, "Ga mai laifin. Zafi ne ya yi mata yawa. An yi ta don ƙasar sanyi, aka kawo ta Malumfashi a watan da kwalta ke narkewa."

Ya fita ya dawo da murfin tsohuwar tukunyar alminiyam, ya yanko wani yanki da almakashin ƙarfe, ya lanƙwasa, ya ɗaure shi a jikin abin don ya riƙa janye zafin. Sannan ya ce zai huda mata hanci. Na kawar da kai, ina jin ƙarar abin huda, huda shida a ƙasa, shida a baya. Ya ce in riƙa ɗora ta a kan bulo biyu iska na bi ta ƙarƙashi. Muka bar ta a kunne har na je gidan Yaya na ci abinci na yi salla na dawo, na tarar tana nan garau, Injiniya ya ajiye aikinsa yana danna madannai da yatsa ɗaya, yana neman inda ƙa take.

Shi ne ya turo mana mutumin Danja. Wata Asabar da hantsi aka yi sallama, maigidana ya fita, ya dawo ya ce wani ma'aikacin lafiya ne, mai zagayen rigakafi, ya zo a babur da kaset sabo a aljihu. Wani likita da ya gama aiki zai koma ƙasarsu ne ya bar masa kwamfuta, shi kuma ma'aikacin ya kai rikodarsa gyara Funtuwa, aka ce masa akwai wata malama a Malumfashi da tata ke rubuta Hausa sosai. Na sa mayafi na fito zaure, muka gaisa.

Ya ce, "Malama, na zaci ni kaɗai ne mahaukaci a ƙasar nan."

Na juye masa kaset ɗin, amma da ya faɗi irin tasa na duba mujalla, sai na ga ba ƙira ɗaya ba ce, ba za ta ji yaren tawa ba. Fuskarsa ta faɗi. Na ce ya dakata. Na kwafe masa filayen uku a takarda, gida-gida, na nuna masa yadda ake tarawa, na ja masa kunne a kan dama da hagu. Gwaggo ta aiko a kawo mata takardar ta duba kafin ya tafi da ita, ta gyara ɗigo ɗaya, ta ce a gaya masa kada ya ƙara kada ya rage.

Bayan mako biyu direban motar Danja ya tsaya a ƙofar makarantarmu ya ba da 'yar takarda. Baƙaƙen sun fito, in ji mutumin Danja, yana godiya, a gaida Gwaggo. Amma ga tambaya. Yana da sunayen ƙauyukan da yake zagayawa, sun kusa sittin, ya sa kwamfutar ta jera masa su bi da bi daga a zuwa z. Ta jera, sai dai duk garin da ya fara da ɗa ko ƙa ta kwashe shi ta kai can ƙasa bayan z, kamar baƙin da ba a san inda za a zaunar da su ba. Yaya za a yi?

Na karanta sau biyu a tsaye. Na juya takardar na rubuta a baya: "Ban sani ba. Amma mu haɗu shagon Injiniya ranar Asabar ta sama."

Haka muka fara haɗuwa, kusan duk bayan mako biyu, damina guda. In maigidana na da hanya ya kai ni, in babu in shiga mota in sauka gidan Yaya, matarsa ta raka ni ta zauna hira da matar Injiniya. Benci ɗaya ne a shagon, sai aka aro mini kujera wurin tela. Mutumin Danja ya zo da tasa kwamfutar a cikin jakar magani. Mun bi hanyoyi da yawa da ba su ɓulle ba. Sai da na gano cewa kowane baƙi yana da lambarsa a cikinta, da ita take sanin na gaba da na baya, namu kuwa da yake daga baya suka zo, lambarsu ta fi ta kowa girma. To sai muka rubuta mata namu jerin, b sannan ɓ, d sannan ɗ, k sannan ƙ, muka ce ta daina duba nata, ta riƙa tambayar wannan.

Ranar da muka gwada, an fara yankan gero. Mutumin Danja ya danna, fuskar ta yi fari, ba motsi. Injiniya ya ce ta mutu. Na ce a'a, tunani take yi. Mai shayi ya kawo shayi, muka sha, muka ajiye kofuna, tana nan shiru. Sai can sunaye suka fara gangarowa, kowane gari a mazauninsa. Mutumin Danja ya ciro biro ya shiga kwafewa a takarda, don babu injin bugawa, yana karantawa da ƙarfi yana gyaɗa kai. Ya kai wajen ƙarshe sai ya tsaya, biro a sama.

Ya ce, "Malama, to sha da tsa fa? Baƙi ɗaya ne ko biyu? Ga shi ta cusa su a tsakiyar sa da ta."

Na ce, "A aji dai ɗaya nake koyar da su."

Injiniya ya ce, "Ni da ido biyu nake gani."

Matar Yaya ta leƙo ta ce in ba mu tashi yanzu ba motar Malumfashi za ta cika. Na ce mata ga ni nan. Na jawo kujerar tela kusa da bencin, na ce wa mutumin Danja ya ba ni biron.